Angar da Aka Ce Kawu Hamidu Ya Jefa

Duk wanda ya san Kawu Hamidu a Doha ya san shi da bokitinsa. Tsohon bokitin fenti ne, ya yanke gindin ya liƙa gilashi a wurin, ya ɗaura masa igiya yana ratayawa a kafaɗa. Jirgin ruwan shaƙatawa da muke wa aiki, na kafil ɗinmu Abu Rashid, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar, hawa biyu ne, da ɗakunan kwana da na'urori kala-kala, har da wadda ke nuna zurfin teku a allo. Amma ba a sakin anga a jirgin nan sai Kawu ya sauka cikin ɗan kwalekwalen roba, ya tuƙa zuwa gaba, ya dulmiya gindin bokitin cikin ruwa, ya cusa kansa ciki, ɗuwawu a sama. Baƙi su jeru a bakin jirgi suna ɗaukar hoto, shi ko a jikinsa. In ya ga farin yashi sai ya ɗaga tafin hannu, a saki anga. In ya ga ciyawa ko duwatsun murjani sai ya dunƙule hannu ya ƙara gaba, mu kuma mu bi shi a hankali da ƙaton jirginmu kamar masu rakiyar gawa.

"A ga ƙasa tukuna." Maganarsa ke nan, har ta zame masa suna. Ku da kuke zama da mu shan shayi a kasuwar Souq Waqif in an samu hutu, kun tuna yadda yake ɗaga kofi sama ya leƙa gindinsa kafin ya kurɓa. A ce wane ya samu sabon aiki, a ga ƙasa tukuna. A ce wane zai sayi fili a gida, a ga ƙasa tukuna. Ranar da Musa Kumasi, mai gadin nan ɗan Zangon Ghana, ya zo da hoton yarinyar da zai aura yana nuna wa kowa, Kawu ya karɓi wayar ya juya ta yana duba bayanta.

Musa ya ce, "Ei Baba! Me kake nema a baya?"

Kawu ya ce, "Uwatta nika nema. Ita ce ƙasan."

Ni ne Nasiru, ɗan ƙanwarsa Hauwa. Shi ya nemo min aiki a jirgin nan, ya ɗauko ni daga Kaduna, ni da ruwan da na sani bai wuce na famfo ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan kuwa shi ne, ranar da muka taru a ɗakin nan na unguwar Al Asmakh muka yi masa addu'ar bakwai, bayan an shafa kun sake tado labarin nan: wai Baba Ƙasa-Tukuna, duk taka-tsantsan ɗinsa, shi ne ya jefa anga kan murjani a cikin killataccen ruwa har aka ƙwace masa katin aikin jirgi. Kuka yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi. Labarin ba haka yake ba, kuma shekara uku ina barin ku kuna faɗinsa haka. Amma ku bar ni in fara da abubuwan dariya na gaskiya, ko zan samu ƙarfin faɗin sauran.

Kawu mutumin Yauri ne, jinin Sarkawa, a cikin kwalekwale ya buɗe ido a kogin Kwara. Saboda haka duk wani abu mai batir raini yake masa. Kyaftin ɗinmu na lokacin, wani Ba'indiye mai haƙuri da ake kira Tomas, yana da allon da ke ƙirga masa tsawon sarƙar da ta sauka. Kawu bai yarda da shi ba. Sai ya bi sarƙar anga yana ɗaura mata tsumma, kowane gaba biyar launi daban, don dokarsa ita ce in zurfi gaba biyu ne a saki sarƙa gaba goma, ta kwanta a ƙasa ta ja angar a kwance. Tsumman kuwa ba ya saye. Abin da ya ga ya tsufa a ɗaki shi yake yagawa, kuma shi ne alƙalin tsufan.

Wata rana na nemi jar rigar ƙwallona sama da ƙasa ban gani ba. Muka fita teku, aka saki anga, ina tsaye a gaban jirgi sai ga lamba goma ta wuce ta gabana a yage tana gangarawa cikin ruwa.

Na ce, "Kawu! Rigata ce fa wannan!"

Ya ce, "Awo, ita ce."

"To me ta yi maka?"

"Dauri bayanka kaɗai taka rufewa. Yanzu mutum goma sha biyu taka tsaro. Ƙarin girma ta samu, kai ka tsaya."

Wallahi ban sake shanya kaya a inda idonsa zai kai ba.

Idan anga ta kama kuma, aikin nasa bai ƙare ba. Sai ya shimfiɗa kwali a can hancin jirgi, ya tuɓe takalmi ya ɗora tafin ƙafa kan sarƙa. A nan yake cin abinci, a nan yake jan carbi, rana na dukansa. Ya ce in anga ta zauna sarƙa shiru take yi, in ta fara jan ƙasa kuwa za ka ji tana gurnani a ƙafarka. Wata Baturiya cikin baƙi ta daɗe tana kallonsa, can ta ja ni gefe ta tambaye ni a hankali ko hukunci ake yi wa tsohon nan. Da na faɗa masa sai ya ce in gaya mata eh, amma shi ya yanke wa kansa, kada ta kai ƙara.

Kyaftin Tomas yana da na'urar da ke ƙara in jirgi ya gusa daga inda aka tsayar da shi, ya sha nuna wa Kawu ita. Ranar wata Asabar iska ta juyo, muna cikin raba wa baƙi abinci sai muka ji Kawu ya kwarma ihu daga gaba.

"Ta taso! Ta taso!"

Kyaftin ya duba allo, komai lafiya. Ya ce, "No problem, Hamid, no problem." Kawu ya ce da akwai furobulan. Ya tsaya kai da fata sai da aka tada inji aka sake zaman angar. Muna cikin yi, can sai na'urar ta farka ta fara tsuwa, tii, tii, tii. Kawu ya leƙa ta taga, ya dubi allon da tausayi.

Ya ce, "Sannu da tashi. An kwana lahiya?"

Kyaftin bai ji Hausa ba, amma ya gane sarai, don har kunnensa sai da ya canza launi.

Yawancin fitarmu wuri ɗaya ce: wani ɗan tsibiri mai tafiyar kamar awa guda daga Doha. Hukuma ta killace ruwan da ke gefensa, ta jera manyan ƙwallaye masu ruwan ɗorawa suna yawo a kan ruwa, su ne iyaka. Daga su zuwa ciki ba a kamun kifi, ba a jefa anga, saboda duwatsun murjani da ciyawar ƙasan teku. Murjanin nan abu ne mai rai, a hankali yake girma, abin da anga za ta karya cikin minti ɗaya sai jikokinka ma ba su ga ya dawo ba. A can cikin ne kuma masu nutso ke sauka da tulunan iska a bayansu suna kallon kifaye. Mu namu shi ne mu tsaya daga waje kan yashi, baƙi su shiga da iyo ko a kai su a kwalekwale.

A nan Kawu ya haɗu da ayu. Eh, ayu dai da kuka sani a labarin masunta, akwai 'yan'uwanta a tekun nan, ciyawar ƙasa suke kiwo. Ran nan mun gama, Abu Rashid na sauri zai je walimar wani babban mutum, aka ce a ɗaga anga. Kawu ya leƙa ruwa, sai kawai ya je ya zauna daram a kan injin jan sarƙa ya harɗe hannuwa.

Abu Rashid ya leƙo daga sama. "Yalla ya Hamid! Khalas, yalla!"

Kawu ya ce, "Mai jego ce."

Ashe ayu ce da ɗanta a ƙarƙashin jirgin, daidai wajen farfela. Larabcin Kawu na makarantar allo ne, ba ya kai shi kasuwa, saboda haka ni ne tafinta. Ya ce, "Tambai shi, ranar da matatai ta haihu, da wani ya zo ya tada babur bakin ɗaki, mi za ya yi mishi?"

Na juya na ce wa Abu Rashid, Kawu na roƙon a ɗan ƙara haƙuri.

Kawu ya harare ni. "Nasiru, maganata ta fi haka tsawo."

Dole na faɗa yadda take. Abu Rashid ya fashe da dariya har ya dafa ƙarfe. Awa biyu muka yi a wurin sai da uwa da ɗa suka gama kiwo suka wuce abinsu. Walima kam an ci babu shi. A hanyar komawa na ce wa Kawu wata rana sai ya ja mana kora a kan dabba. Bai yi min tsawa ba. Ya ce babansa da mashi ya kashe ayu goma sha ɗaya a Kwara, shi yana riƙe masa kwalekwale, kuma tun yana saurayi bai sake sa ta a ido ba a can. "Na zo nan na iske danginsu. Kunya nika ji, ɗan nan. Ka bar ni in ji abata."

To, kun ga mutumin da ake cewa ya jefa anga kan murjani. Ga yadda aka yi.

Na yi karatu na ci jarrabawa na samu lasisin tuƙin jirgi, kaina ya kumbura. Ana cikin haka wani baƙo ya ɗauki Kawu a bidiyo, kai a bokiti ɗuwawu a sama, ya sa a intanet da kiɗa. Abin ya zaga har ya isa Kaduna. Wani abokina ya turo min yana cewa, "Ashe aikin da kuke yi a Qatar ke nan?" Na ji kamar in nutse. Daga ranar na fara jin kunyar Kawu. In ya rataya bokiti sai in kau da kai, in baƙi suka tambaya ko ɗan'uwana ne sai in ce ƙasarmu dai ɗaya. Mutumin da ya goya ni ranar sunan ƙanwata fa.

Sai Kyaftin Tomas ya tafi hutu, Abu Rashid ya gayyato manyan baƙi wata Juma'a, ya ce ni zan ja jirgi. Na saka farar riga mai guga da hular kyaftin. Na ce a raina yau kam ba za a yi wasan kwaikwayon nan a gabana ba. Da safe kafin kowa ya iso na ɗauke bokitin na cusa shi bayan rigunan ceto, na rufe.

Muka isa tsibiri wajen sha ɗaya. Abu Rashid na ciki da manyan suna shan gahawa. Wani daga cikin baƙin ya hawo wurina yana ce min kyaftin, kyaftin, wai iyalinsa na son ganin kifaye masu launi, in matsa kusa kaɗan. Kalmar kyaftin ɗin nan ce ta ci ni. Na ji muryar Kawu daga ƙasa yana bubbuɗe akwatuna.

"Nasiru! Ka ga bokitina?"

Na ce, "A'a, Kawu."

Na bar ƙwallayen iyaka a bayana, ba da yawa ba, kamar tsawon jirgi uku. Allo ya nuna min zurfi daidai, ƙasa shafe. Ban dubi launin ruwa ba, ban dubi tutar masu nutso da ke can gaba ba. Na danna maɓalli, sarƙa ta zuba.

Ƙarar ce ta fito da Kawu a guje. Ya dubi ƙwallayen, ya dubi ruwan da ya yi duhu-duhu a ƙarƙashinmu, ni kuwa ko kallona bai yi ba. Ya ɗora ƙafa kan sarƙa ya janye da sauri. Iska ta riga ta fara tura jirgi baya, angar na tafiya tana karya abin da ta samu. Hannuna ya kai kan giya zan tura jirgi gaba in fizge ta, sai Kawu ya daka min tsawar da bai taɓa yi min ba.

"Kak ka taɓa! Mutane na ƙasa!"

Sai a lokacin na ga kumfar numfashin masu nutso tana ɓulɓulowa, bai fi taku ashirin daga farfela ba. Na janye hannuna. Da na tura giyar nan, yau da wani labarin ake ba na dariya ba.

Kawu ya tuɓe riga, ya ɗauki igiya a baki ya faɗa ruwa, tsoho mai shekara sittin da ɗoriya, babu tulun iska babu komai. Sau uku yana nutsewa yana ɓullowa yana haki. A na ukun ya samu ya ɗaura igiyar a kan angar, ya hau kwalekwale ya ja ta ta baya har ta zare daga cikin duwatsun. Da ya hawo, hannuwansa duk sun tsattsage, jini na bin gwiwar hannu. Kafin nan shugaban masu nutson ya ɓullo yana zage-zage, ya kira masu gadin ruwa ta rediyo. Abin da angar ta karya ya kai shimfiɗar tabarma uku.

Jirgin masu gadi ya iso. Hafsan da ya hawo ya san mu, ya san Kawu musamman, don da Larabcinsu Baban Bokiti suke kiransa. Abu Rashid ya fito fuska a murtuke. Hafsan ya buɗe littafi ya ce wa ya jefa anga a nan?

Ina tsaye da farar rigata. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma babu abin da ya fito.

Kawu ya ɗaga hannunsa mai jini ya ce, "Ana." Wato ni ne. Ya nuna maɓallin da ke can hancin jirgi, ya ce da shi ya saki, kuma shi ya yi wa direba alamar ya shigo.

Hafsan ya dube shi ya ƙi rubutawa. "Kai? Ina bokitin naka?"

Ni aka sa in fassara. Da bakina na maimaita amsar Kawu: bokitin ya ɓata yau da safe, shi ya sa ya yi kuskure, tsufa ne.

Aka ƙwace katinsa, aka hana shi aiki a kan ruwa. Abu Rashid bai kore shi ba, ya mai da shi gadin wani gidansa a Al Wukair, can cikin tudu inda ruwan da za ka gani sai na tanki. Mutumin da tun haihuwarsa bai taɓa yin sati bai taka jirgi ba! Ni kuwa faɗa kawai aka yi min a kan bin alamar tsoho, kuma bayan shekara guda da Tomas ya koma gida aka ba ni kujerarsa.

Ku kuma kuka samu abin tsokana. Ba na ganin laifinku, labarin ya yi daɗin faɗi. Da ya shigo wurin shayi sai Musa ya miƙe.

"Ei, Baba Ƙasa-Tukuna! Ranan ƙasa ya tafi leave ne? Kai paa!"

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. "Tsuhwa, Musa, tsuhwa! Tana nan tahe gare ka."

Ina zaune kusa da shi ina taya ku. Har akwai ranar da ni na ƙara wa labarin gishiri, na kwaikwayi yadda ya fito a guje yana neman bokiti. Ya dube ni yana murmushi ya ce na iya kwaikwayo. Duk abin da na yi a rayuwata babu wanda nake jin kunyarsa kamar wannan.

Sau ɗaya tak na yi yunƙurin magana. Na same shi a Al Wukair da rana tsaka, yana zaune a ɗakin gadi ya jiƙa tawul ya ɗora a ka, yana dafa shayi. Na zauna na yi ta kame-kame, can na ce, "Kawu, maganar ranar nan..."

Ya ce, "Wace rana? Ranakku na da yawa."

"Ranar anga. Ni ne ya kamata..."

Ya ɗaga min hannu. "Saurara. Ni in an ce na ruɗe, kowa shi yarda, tsoho ne. Kai in an ce ka ruɗe, tikiti za a yanka maka. Hauwa kuwa ta riga ta hwaɗa ma Kaduna kakaf ɗanta direban jirgi ne. So kake in koma gida in tsaya gaban Hauwa? Ni da na san bakinta tun tana da haƙora biyu? A'a, gara masu gadin ruwa."

Na yi dariya, hawaye na zubo min. Ya zuba min shayi ya ce, "Bokitin na bayan rigunan ceto, layi na biyu. Tun kana ƙarami ba ka iya ɓoyo ba. Hiddo shi ka yi aiki da shi, ɗuwawunka ba su fi nawa daraja ba."

Na sha shayin nan na tashi, kuma gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce sauƙi na ji. Na ce a raina ai shi ya ce a bar maganar. Na rungumi wannan na yi shekaru ina tuƙa jirgi, shi yana buɗe wa motoci ƙofa. Bara ƙafafunsa suka fara kumbura, ya koma Yauri, wata huɗu a tsakani aka bugo mana waya.

Bayan addu'ar bakwai ɗin nan na kasa cin abinci. Washegari da hantsi na tafi majalisar Abu Rashid, na tsaya a gabansa na faɗa masa komai, tun daga ɓoye bokiti har zuwa giyar da na kusa turawa. Na ce in zai kore ni ya kore ni. Bai ko ɗago ba, ya ci gaba da zuba gahawarsa.

Ya ce, "Zauna, Nasir. Na sani."

Ashe akwai kyamara a ɗakin tuƙi, ni da nake zama a ƙarƙashinta kullum na manta da ita. Ya ce a ranar da yamma ya kalla, ya ga yatsana a kan maɓalli. Ya kira Kawu ya ce zai kai wa hukuma a mayar masa da katinsa. Kawu ya nemo wani direba Basudane mai jin Hausa ya yi masa tafinta, ya rantse in aka kai hoton nan a ranar zai tattara kayansa, kuma bai bar ɗakin ba sai da aka goge a gabansa. Ya kuma roƙi Abu Rashid kada ya taɓa nuna min ya sani, wai in na gane ba zan iya kallon idonsa ba, aikin zai gagare ni.

Abu Rashid ya ce, "Na tambaye shi, don me za ka ba da ruwanka saboda wanda ya yi maka ƙarya? Ya ce yaron ba mugu ba ne, kunya gare shi da yawa, ya dai ajiye ta inda ba wurinta ba. A ba shi lokaci, za ta koma wurinta."

Shekara uku ina gaishe da mutanen nan biyu, ina tsammanin na rufe su. Na sunkuyar da kai na yi kuka a gaban kafil ɗina kamar wanda aka yi wa mutuwa a ranar.

Jibi in Allah ya kai mu zan je ofishin masu gadin ruwa in faɗa musu su gyara abin da ke littafinsu. Abu Rashid ya ce mamaci ba ya buƙatar kati, kuma nawa na iya tafiya. Na ce na sani. Na kira mahaifiyata Hauwa ma na faɗa mata, kuma Kawu ya yi gaskiya, gara masu gadin ruwa.

Saura ku. Musa, kai ka fi kowa iya ba da labarin nan, kada ka daina, amma ka sa sunana inda ya kamata. Ku yi min dariyar, na cancanta, ina nan da raina zan ɗauka. Hamidu na Yauri bai taɓa jefa anga inda ba ta dace ba, ko sau ɗaya.

Allah Ka jiƙan Kawu. Ya rufa min asiri ban roƙe shi ba, ban ma gode masa ba, Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka sanyaya makwancinsa, Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Ni kuma Ka ba ni ikon haɗa ido da shi in mun gamu. Amin.